Hawan Mambila da hunturu don ɗaukar hoto, mu je ko mu bari?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni da abokaina muna son hawa Gembu, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ƙarshen Disamba mu ɗau hotuna a hanya, daga Mayo Selbe har Nguroje. Hazo ba zai rufe mana komai ba? Sannan in hau da Corolla ɗina ko in ajiye ta a Serti mu ɗau shata?

Hajiyar Jalingo: Ka tafi da rigar sanyi biyu da safa, kuma ka tsaya Kakara ka ga gonar shayi.

Mai Kyamara: Ƙanena ka bari sai Satumba ko Oktoba. Da hunturu ciyawa ta bushe wani wajen ma an ƙone ta, koren da kake gani a Facebook na damina ne. In ka nace to ka fita da asuba kafin ƙura ta tashi, kar ka canza lens a waje, batir kuma ka sa shi a aljihun ciki don sanyi na cinye shi.

Baban Ilham: Wlh ni ko kyauta ba na komawa. Shata muka ɗauka, wajen saukowa direban bai sa giya ba sai taka birki yake har ya fara wari, a wata kwana motar ta ƙi tsayuwa sai da ya goga ta da jikin dutse, matata na salati yara na kuka, muka kwana a hanya cikin sanyin nan, da safe kuma mutumin ya ce sai na cika masa dubu 90 ɗinsa!

Ɗan Serti: Dubu 90?? An yanke ka Alhaji, 50 ake yi.

Baban Ilham: Kafin a cire tallafin mai a 2023 kenan. Yaushe rabonka da tasha?

Ɗan Serti: A nan aka haife ni fa, hawan Biyu da Sisi, tudun nan mai wuya a hanyar Mambila, a mashin nake yinsa. Wanda ya zo sau ɗaya ba zai koya min ba.

Sarkin Zolaya: Ɗan Fagge ka ɗau hoton hazon Kano ka rubuta Mambila a ƙasa, wa zai gane 😂

Mai Kyamara: Ku dai ku riƙe power bank, caji a can sai an dace.

Hajiyar Jalingo: Abin da ke ƙona min rai kenan. Tun muna yara ake mana waƙar dam ɗin Mambila, megawat 3,050, yanzu ga jikoki har yau takarda ce da shari'a.

Ɗan Serti: Hajiya bar dam, titin ma wa ya gyara?

Ɗan Fagge: To maganar Corolla fa?