Vítor Constâncio: banki ya durƙushe a zamaninsa, amma aka ƙara masa girma

Ɗalibar Tattali:
Assalamu alaikum. Ina rubutun ƙarshen zango a kan yadda babban banki ke sa ido a kan sauran bankuna, kuma na ɗauki Vítor Constâncio na ƙasar Fotugal a matsayin misali. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: mutumin nan shi ne gwamnan babban bankin ƙasarsu daga 2000 zuwa 2010. A hannunsa bankin BPN ya ruɓe, har gwamnati ta karɓe shi a watan Nuwamban 2008 da kuɗin masu biyan haraji. Ko shekara biyu ba a yi ba, sai ga shi mataimakin shugaban Babban Bankin Turai a Frankfurt, ya yi shekara takwas a kujerar. Ta yaya? Abin yana damuna sosai, domin aikin da nake fatan yi ke nan in na gama karatu, kuma ina son in yarda cewa sakaci yana da sakamako.

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam, 'yata. Kin fara karatun mutumin daga ƙarshe, shi ya sa. Koma baya kaɗan. A Lisbon aka haife shi a 1943. A 1978, yana ɗan shekara 34, ya zama ministan kuɗi a gwamnatin Mário Soares, shekara huɗu kacal bayan juyin da ya kawo ƙarshen mulkin kama-karya. Lokacin nan aljihun ƙasar ya bushe, sai da ta je wurin Asusun Lamuni na Duniya. Ya taɓa riƙe gwamnan babban bankin tun a 1985, ya ajiye ya shiga siyasa, ya shugabanci jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassauci daga 1986 zuwa 1989. A zaɓen 1987 firaminista Cavaco Silva ya kayar da shi warwas, da kuri'u sama da rabi.

To da ya dawo gwamna a 2000, ƙasar ta riga ta shiga yuro, saboda haka yana zama a majalisar da ke yanke kuɗin ruwa ga dukkan ƙasashen da ke amfani da kuɗin. Shekara goma abokan aikinsa na can suna jin hujjojinsa a teburi ɗaya. Shi suka sani. BPN kuwa a wurinsu ƙaramin banki ne a ƙaramar ƙasa.

Tsohuwar Akanta:
Baban Khalifa, Allah ya ƙara girma, amma ban gamsu ba. Iya lissafin kuɗin ruwa daban, sa ido daban. Na shekara ashirin ina binciken littattafan kamfanoni, na san yadda ake ɓoye asara. Su BPN wani ƙaramin banki suka yi amfani da shi a tsibiran Cape Verde, Banco Insular, suka riƙa tura basussukan da ba sa son a gani, ba tare da sun shiga littafi ba. Da aka kira Constâncio gaban kwamitin majalisar dokoki, jigon kariyarsa shi ne yaudarar masu sa ido aka yi, kuma babban banki ba hukumar 'yan sanda ba ce. Akwai gaskiya a ciki, tunda daga baya kotu ta yanke wa tsohon shugaban BPN, Oliveira e Costa, hukuncin ɗaurin shekara 14. Sai dai ni abin da na koya a aiki, idan ka tambayi takarda sau uku ana ja maka rai, jan ran kansa amsa ce. Ba ka jiran mai laifi ya kawo maka shaida a faranti. Kuma ki duba ƙarshen lamarin, ƙanwata: bankin da ya lashe biliyoyin yuro na jama'a, a kan yuro miliyan 40 aka sayar wa bankin BIC. Ga wani banki, BPP, shi ma a zamanin Constâncio ya faɗi.

Baban Khalifa:
Hajiya, ban wanke shi ba. Amsar "ta yaya" na bayar. Kuma adalci ne a faɗa cewa a Frankfurt ya tsaya tare da Mario Draghi, shugaban Babban Bankin Turai na lokacin, a shekarun da yuro ke tangal-tangal, lokacin da ita kanta Fotugal ta karɓi tallafin yuro biliyan 78 a 2011.

Ɗalibar Tattali:
Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya. Zan raba rubutun gida biyu, aikinsa na kuɗin ruwa da aikinsa na sa ido, kowanne da hukuncinsa. Hajiya, don Allah ki ƙara mini bayani a kan yadda ake gano bashin da ba a shigar a littafi ba, domin nan ne malaminmu zai fi matsa mini da tambaya.