A taimaka min: yaya majalisar Ingila ta dā take yanka harajin yaƙi?

Ɗan_Domayo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na tarihi a nan Marwa ya ba mu aiki kan majalisar Ingila zamanin sarki Wiliyam na uku, wai mu bayyana yadda suke gyara dokar haraji har su amince da ita lokacin yaƙinsu da Faransa. Ni abin da ya ɗaure min kai, sarki ne fa, ga sojoji a hannunsa ga yaƙi a gabansa, me zai hana shi ya aza lampo kawai a karɓa? Kuma in majalisa ce ke yi, me ake gyarawa a ciki, ba eh ko a'a ba ne kawai? Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Malam_na_Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai an gwada abin da kake faɗa. Sarki Cals na ɗaya ya yi ta karɓar harajin tanadar jiragen ruwa na yaƙi ba da yawun majalisa ba, har aka kai wani mai gonaki John Hampden kotu a 1637 kan sule 20 da ya ƙi biya, rigimar ta yi ta ruruwa ta zama yaƙin basasa, a 1649 aka sare kan sarkin. To da Wiliyam ya hau sai aka rubuta ƙarara a dokar 1689 cewa karɓar kuɗi wa sarki ba da izinin majalisa ba haramun ne. A shekarar kuma suka shiga yaƙi da Luwi na 14 na Faransa, ba a gama ba sai 1697.

Yadda abin ke tafiya kuwa, mutanen sarki su kawo lissafin abin da sojan ƙasa da na ruwa za su ci a shekara, sai ƙaramar majalisa, ta zaɓaɓɓu, ta zauna dukkanta a matsayin kwamiti, shugaban majalisa ya sauka daga kujera wani ya hau, don a zaman kwamiti mutum na iya magana fiye da sau ɗaya. Zama na farko nawa za a ba sarki, zama na biyu daga ina za a samo. Sai sun gama wannan jayayya kafin ma a rubuta daftari. A karanta shi sau ɗaya, sau biyu, a mai da shi kwamiti, kuma nan ne ainihin aikin yake domin wuraren adadi a buɗe ake barinsu, sai a kwamiti ake cikewa, sule nawa, daga wace rana, wa za a ɗauke wa. Bayan nan a kwafe shi a kan fata a yi karatu na uku, in wani ya zo da ƙarin sashe a lokacin sai a rubuta a wata 'yar fata a ɗinka a jikin babbar.

Misalin da zan ba ka shi ne harajin ƙasa na zaman 1692 zuwa 1693, sule 4 a kowace fam ta kuɗin hayar da gona ko gida ke kawowa a shekara, wato ɗaya cikin biyar, ya kawo wajen fam miliyan 2. Amma na shekara ɗaya tak suke bayarwa, kuma su rubuta abin da za a kashe kuɗin a kai. Ka ga dole sarki ya sake kiransu baɗi ko yana so ko ba ya so. A ganina wannan ya fi duk sauran muhimmanci, ka ja layi a ƙarƙashinsa a aikinka.

Kawu_Injamena:
Malam Allah ya ƙara basira. Amma ni ɗan kasuwa ne, abin da na sani ba wanda ya rubuta lampo ke da ƙarfi ba, wanda ya zo ƙofar shago ya ce kayanka sun kai kaza shi ne mai ƙarfi. Su waye ke ƙiyasta gonakin? Don in masu gonakin ne a majalisa toh wlh an ba kura ajiyar nama.

Malam_na_Garwa:
Kawu ka taɓo wurin. Sunayen masu kula da ƙiyasin kowace gunduma a cikin dokar kanta ake jera su, manyan masu ƙasa na yankin ne, kuma 'yan majalisa kan yi ta ƙoƙarin cusa nasu su cire na abokan hamayya, wannan ma gyara ne ai. Wasu yankuna sun faɗi kusan gaskiya, wasu musamman arewa da yamma suka rage sosai, da kuɗin ya fara ja baya sai majalisa ta daina dogara da ƙiyasi sabo, a 1698 ta yanka wa kowace gunduma abin da za ta kawo bisa tsohon ƙiyasin 1692, haka aka yi ta tafiya fiye da shekara ɗari. 'Yan Katolika kuwa ninki biyu aka aza musu.

Yar_Dang:
Sannunku. Malam bai taɓo majalisar dattawa ba, ta masu sarauta da manyan limaman coci, kuma nan ne daɗin labarin yake. Tun 1671 dattawan suka rage kuɗin kwastan na sukari a wani daftari, ƙaramar majalisa ta ce ba su da hurumin taɓa adadin haraji, a 1678 ta ƙara ɗaurewa cewa dokar kuɗi daga wurinta take farawa kuma dattawa ba sa canja komai, ko su karɓa yadda take ko su ƙi gaba ɗaya. A wancan harajin na sule 4 ma dattawan sun saka sashe wai su 'yan uwansu masu sarauta ne za su ƙiyasta musu dukiya, zaɓaɓɓu suka ce ina, ga yaƙi ana yi ba a iya jira, dole dattawa suka janye.

Daga nan sai 'yan ƙaramar majalisa suka gano wayo, duk abin da suka san dattawa ko sarki ba za su yarda da shi ba sai su liƙa shi a jikin dokar haraji. A 1700 haka suka ƙwace filayen Ailan da Wiliyam ya raba wa na kusa da shi, ransa bai so ba amma ya amince. A 1704 kuma, ana tsakiyar wani yaƙin da Faransa zamanin sarauniya An, wasu suka so liƙa wata dokar addini a harajin ƙasa, sai 'yan uwansu da kansu suka kayar da ita, ƙuri'a 251 da 134, don kar kuɗin soja ya maƙale. Abin dariya, in an gama komai magatakarda ne ke sanar da amincewar sarki da tsohon Faransanci, wai sarki na gode wa talakawansa, alhali kuɗin yaƙar Faransa ne.

Ɗan_Domayo in malaminku na son kwatanci, duba tsarin mulkinmu na Kamaru, depite, wato ɗan majalisa, ba ya iya kawo gyaran da zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara kashewa sai ya nuna inda za a cike gurbin. Mu kuma sanatoci sai 2013 muka samu.

Ɗan_Domayo:
Kai na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Toh amma miliyan 2 ɗin ta ishe su yaƙin?

Malam_na_Garwa:
Ko kusa. Shi ya sa suka koma bashi, kuma shi ma ta cikin dokar haraji ya bi. A 1694 suka aza kuɗi kan nauyin kayan jiragen ruwa da kan giya, a cikin wannan dokar aka ce waɗanda suka ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 da ruwa kashi 8 cikin ɗari za a ba su izinin kafa kamfani, wannan kamfani shi ne Bankin Ingila, Charles Montagu ne ya tura zancen a majalisa. A 1695 har haihuwa da aure da jana'iza aka sa wa haraji, tuzurai ma ba su tsira ba. A 1696 kuma na tagogi ya zo, don cike asarar sake buga tsabar kuɗi da mutane suka yi ta gutsure gefensu.

Kawu_Injamena:
Harajin tuzurai kuma? Ɗana kar ka karanta wannan wurin da ƙarfi a aji, kar wani a meri, ofishin magajin gari, ya ji. Wanda bai da abin biyan fa Malam, shi ma sai ya biya?

Malam_na_Garwa:
A'a Kawu, waɗanda ke karɓar sadaka an ɗauke musu, kuma sai tuzurun da ya wuce shekara 25, talaka sule 1 a shekara, masu sarauta kuwa nasu ya fi haka nesa. Bai ma daɗe ba, a 1706 aka bar shi.