Neman kalmar Hausa: innovation da économie du savoir

Mai fassarar rediyo, Tawa: Assalamu alaikum malamai. Gobe bayan magariba za mu gabatar da shiri kan tsarin da gwamnatin Nijar ke son jihohi su bi don gina arziki bisa ilimi da bincike, inda za a taɓo aikin hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa ta zamani, da cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni a Yamai, da rawar Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa. Kalmomin Faransanci biyu sun tsaya mini, wato innovation da économie du savoir, kuma ba na son in karanta su yadda suke ga manoman Galmi da Illela.

Malamar lakwal: Wa alaikumus salam. Ta farko ƙirƙire-ƙirƙire ce, ta biyu kuma tattalin arzikin ilimi, kamar yadda muke ji a gidajen rediyon waje.

Injiniyan gona: Malama, ƙirƙira ta fi dacewa da invention, wato samar da abin da babu shi a da. Manoman Ader, wato yankinmu na Tawa, sun daɗe da sanin tassa, ramukan shuka masu tare ruwa, amma a ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka faɗaɗa ramukan, suka riƙa zuba taki a ciki, har faƙon da aka daina nomawa ya koma ba da hatsi, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Wannan shi ne innovation: tsohon abu da aka gyara, jama'a suka karɓa, ya kawo amfani. Shawarata ita ce sabuwar dabara.

Ɗalibi a Yamai: Ba za a iya cewa bidi'a ba, tun da ma'anarta ta asali ke nan?

Malamar lakwal: Ɗana, idan aka ce a rediyo gwamnati za ta ƙarfafa bidi'a, kafin isha masallatan garin sun ɗauka.

Tsohon mai duba makarantu: Sabuwar dabara bayani ne, ba suna ba. Na daɗe ina ba da shawarar ƙagau, daga ƙaga, bisa tsarin da ya ba mu ɗinkau, kuma daga nan sai a sami maƙagi da maƙaga ba tare da wahala ba. Haka nan ban yarda da ilimi ba, domin aro ce daga Larabci alhali muna da sani. A ce tattalin arzikin sani. Tun da dokar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, bai kamata mu ci gaba da jiran Kano ta yanka mana kalma mu haɗiye ba.

Injiniyan gona: Ranka ya daɗe, arziki ma daga Larabci ta zo, sai dai idan ita ma za a kore ta. Sa'annan wanda ya ji ƙagau zai tuna da ƙagaggen labari, wato ƙarya.

Tsohon mai duba makarantu: Ƙirƙira ma ana ƙirƙirar ƙarya da ita, ba wanda ya yi ƙorafi, saboda daga bakin ƴan Kano ta fito. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana aiki a ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa. Wace kalma ta fi maƙagi dacewa da irinsa?

Malamar lakwal: Baba, ba wanda ya raina Hausar Ader. Amma shirin nan ana jin sa har ƙauyukan iyaka wajen Birnin Ƙonni, kuma ɗan kasuwar da ke kai albasa Sakkwato bai kamata ya riƙe kalma biyu don abu ɗaya ba.

Mai fassarar rediyo, Tawa: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da sababbin dabaru, in kawo misalin tassa a farkon shirin, in ajiye ƙirƙira don inda ake maganar sabon abu ɗungum. Ta biyun zan ce arzikin da aka gina bisa ilimi, ko da ta yi tsawo.

Tsohon mai duba makarantu: Don shirin gobe kawai na amince da sababbin dabaru. Maganar sani da ilimi kuwa ba a gama ta ba, kuma ina roƙon a ambaci ƙagau ko sau ɗaya a ji abin da masu sauraro za su ce.