Kalmar "old" a Larabci: wa ya taɓa tuntuɓe da ita?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ɗana aikin gida ya mayar da "my father is old" zuwa Larabci. Ya duba ƙamus ya rubuta "abi ƙadim", ni kuma na duba na ce ya yi daidai. Yau littafin ya dawo da jan biro a ƙarƙashin kalmar. Abin ya tsaya min a rai, don a wurinmu tsoho ɗaya ne, ko mutum ko riga.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam Hajiya. Farkon zuwana Alƙahira na gaya wa mai gidan da nake haya cewa "ummi ƙadima". Dattijon ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kabira fis sinn, ya ibni." Ƙadim na kaya ne da wurare, shi ya sa ake kiran tsohuwar unguwar birnin Misrul Ƙadima. Mutum kuwa kabir fis sinn ne, wato mai yawan shekaru, ko musinn.

Mai Allo: Ni da Alƙur'ani nake warware wa ɗalibaina wannan. A Suratul Ƙasas aya ta 23, 'yan matan nan biyu na Madyana sun ce wa Annabi Musa "wa abuna shaikhun kabir", wato mahaifinmu tsoho ne mai yawan shekaru. A Hudu aya ta 72, matar Annabi Ibrahim ta kira kanta ajuz, wato tsohuwa, ta kira mijinta shaikh, wato tsoho. Sai ka je Yasin aya ta 39 ka tarar da ƙadim, inda aka kamanta jinjirin wata da busasshen karan da 'ya'yan dabino ke rataye a jikinsa. Yaran sun haddace ayoyin tun suna ƙanana, tuni kawai suke buƙata.

Ummu Aiman: Gaskiya ne Malam, amma a yi hattara da ajuz a hira. A Omdurman ta Sudan na faɗe ta a gaban wata dattijuwa muna layin ganin likita, nan take ta haɗe rai. Maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce a gaban mutum "ya Hajja" ake cewa, ko "habboba", wato kaka.

Tafinta: Ƙadim takan hau kan mutum fa. Sadiƙ ƙadim abokin da kuka daɗe tare ne, ko shekararsa 25. Wadda ta taɓa kayar da ni a wurin aiki ita ce "my old boss". Saura kaɗan in ce musinn, alhali wanda ya sauka ake nufi, sabiƙ, kamar yadda muke cewa tsohon gwamna.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri. Khalifa ya goge ya rubuta "abi kabirun fis sinn", yanzu yana neman ayar Ƙasas ɗin a Mus'hafinsa.