Muhawara: Shin Alƙalamin Allura Ya Kori Kwalba da Sirinji?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, duk wanda likita ya ɗora a kan maganin da zai riƙa yi wa kansa allura a gida, ko insulin ne ko semaglutayid (maganin ciwon suga da rage ƙiba) ko wani daga cikin danginsu da ake kira magungunan peptayid, bai kamata ya sake taɓa kwalba da sirinji ba matuƙar ana samun maganin a cikin alƙalami, wato na'urar allura mai siffar alƙalamin rubutu da maganin ke cikinta. Tun 1985 kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fito da alƙalamin insulin ɗinsa na farko, kuma aikin mai amfani da alƙalamin yau bai wuce ya murɗa gindinsa har lambar da likita ya faɗa ta bayyana a 'yar tagar ba. Mai sirinji kuwa sai ya zuƙi iska ya tura cikin kwalba, ya kifa ta, ya ja magani, ya kori kumfa, sannan ya ƙura ido a kan siraran layuka yana lissafi. Kowane mataki a cikin waɗannan ƙofa ce ta kuskure.

Nas Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Baban Hafsat, na yarda alƙalami ya fi sauƙin awo, amma ban yarda cewa ya rufe ƙofar kuskure ba, domin na sha ganin majinyata masu alƙalami da suga ya ƙi sauka, kuma da aka bincika sai aka tarar maganin ba ya shiga jikinsu yadda ya kamata. Ƙa'idar alƙalamin insulin ita ce a fesar da yunit 2 a iska kafin kowace allura, a ga ɗigo ya fito, don a tabbatar tsinken ba a toshe yake ba. Bayan an danna kuma sai a bar tsinken a cikin fata a ƙirga kamar daƙiƙa 10, in ba haka ba sauran maganin ya tsiyaye a kan fata. Akwai ma waɗanda ke cire murfin waje su manta da ƙaramin murfin ciki, su danna, su ɗauka sun yi allura alhali ko ɗigo bai shiga ba. Mai sirinji yana ganin maganin da idonsa yana shiga, yana kuma ganin sirinjin ya koma fanko. Sannan wanda likita ya umarta ya haɗa insulin mai haske da mai gurɓi-gurɓi, wato NPH, a allura ɗaya, sirinji ne kawai zai yi masa wannan aikin.

Mai Harhaɗa Magunguna: Hajiya Nas, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, sai dai kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba. Akasarin kuskuren alƙalami ragi yake kawowa, mutum ya samu ƙasa da abin da aka rubuta masa, shi kuwa kuskuren sirinji yana iya ninka magani sau da yawa a lokaci guda. A watan Yuli na 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da semaglutayid ɗin da ake haɗawa a zuba a kwalba, bayan rahotannin mutanen da suka yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da aka nufa, har aka kwantar da wasunsu a asibiti.

Dalilin a fili yake. Likita yana rubutawa da miligiram, kwalba tana magana da mililita, sirinjin insulin kuma an zana shi da yunit. A ɗauka akwai garin magani miligiram 5 a kwalba. Idan aka narkar da shi da ruwan allura mililita 2, layin 10 a sirinjin U-100, wato mai yunit 100 a kowace mililita, yana ɗauke da miligiram 0.25. Idan wani ya narkar da irin wannan garin da mililita 1 kacal, wannan layin na 10 ya zama miligiram 0.5, ninki biyu ke nan, kuma ido ba zai ga bambanci ba domin ruwan duka fari ne tas. Mutane biyu za su iya cewa “layi goma nake yi” alhali ba abu ɗaya suke sa wa jikinsu ba.

Hajiya Babba: Ni ta ɓangaren tsofaffi zan yi magana, domin ni nake kula da mahaifiyarmu, wadda idonta ya raunana, hannunta kuma yana rawa. Layukan sirinji ba ta ganinsu ko da tabarau, amma tana jin ƙarar ƙas-ƙas ɗin alƙalami, lambar kuma babba ce, tsinken ma gajere ne, milimita 4, bai tsorata ta kamar na sirinji ba. Abin da nake so a ba ni amsarsa shi ne maganar da ake yawan yi cewa kwalba ta fi araha.

Mai Harhaɗa Magunguna: Hajiya, idan aka auna yunit da yunit, a mafi yawan lokuta kwalba ta fi araha, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Kwalbar insulin ta mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000, alƙalami kuma mililita 3 ne, yunit 300. Yawancin nau'o'in insulin kwana 28 ake ba su bayan an fara amfani da su. Tsohuwar da ke yin yunit 10 a rana za ta ci yunit 280 ne kawai a wannan wa'adi, sauran 720 na kwalbar sai dai a zubar, ko kuma a ci gaba da amfani da maganin da ƙarfinsa ya fara raguwa, wanda shi ne abin da wasu suke yi don ganin ƙyashin zubarwa. Ga mai yin yunit 40 ko fiye a rana kuwa, kwalba za ta ƙare kafin wa'adin, arahar ta tabbata.

Ɗan Auta: Iyayena da yayyena, a gafarce ni, amma ina ganin mun tsaya a kan mazubi mun bar abin da ke ciki. A ƙarshen 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun alƙaluman Ozempic, wanda sunan kasuwa ne na semaglutayid, kuma a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka gano a Birtaniya da Amurka da Brazil. Wasu daga cikin irin waɗannan alƙaluman insulin ne aka sauya wa takarda, kuma wanda ba shi da ciwon suga idan ya sa wa kansa insulin mai yawa zai iya suma. Haka nan garin peptayid da ake saye ta intanet, mai rubutun cewa na bincike ne ba na ɗan'adam ba, babu hukumar da ta tabbatar da tsarkinsa ko yawan abin da ke ciki, saboda haka ko an ɗura shi a alƙalami mai tsada, ba a san abin da ake aunawa ba.

Baban Hafsat: Ƙanena, jabu laifin mai sayarwa ne, ba na alƙalami ba, kuma kwalba ma ana yin jabunta, watakila ma ta fi sauƙin kwaikwayo. Maganata a kan maganin gaskiya ne da likita ya rubuta aka saya a halastaccen wuri. A wannan yanayi har yanzu ban ji hujjar da za ta sa a miƙa wa sabon majinyaci sirinji ba, in ban da batun haɗa insulin biyu da batun kuɗi ga mai yin yunit da yawa.

Nas Mai Ritaya: Waɗannan biyun ai ba ƙananan abubuwa ba ne, Malam, domin su ne halin da ɗimbin majinyata suke ciki. Zan ƙara na uku. Sauƙin alƙalami yana sa mutane su ɗauka za a iya karɓa-karɓa da shi idan an sauya tsinke, alhali jini yana iya komawa cikin bututun maganin, ta nan kuma ciwon hanta ko ƙanjamau zai iya ratsawa daga wannan zuwa wancan. Alƙalami na mutum ɗaya ne, ko da miji da mata ne.

Hajiya Babba: To idan alƙalamin ya cije da dare, ga magani a ciki amma ya ƙi dannuwa, za a iya zuƙo shi da sirinji?

Nas Mai Ritaya: Kada ki yi haka sai da umarnin likitanta, Hajiya, kuma ki fara duba ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Akwai alƙaluma masu U-200 da U-300, irin su Toujeo, waɗanda insulin ɗinsu ya fi na yau da kullum ƙarfi. Idan kika ja irin na U-300 zuwa layin 20 a sirinjin U-100, yunit 60 kika ɗebo. Sau da yawa ma tsinken ne ya toshe, don haka ki sauya sabo ki gwada fesar da yunit kaɗan a iska, ki kuma riƙa ajiye alƙalami na biyu da ba a buɗe ba a cikin firji, nesa da wurin da ke daskarar da ruwa.