Wane hatsi ya dace da 'yan aladun da aka yaye da wuri?

Mai kiwo daga Zonkwa:
Ina gaishe da manya da 'yan'uwa masu kiwo. Na fara yaye 'yan aladuna suna da kwana 28 a maimakon in bar su wata biyu, domin uwar ta murmure ta sake ɗaukar ciki da wuri. Ina ba su ɓarzajjiyar masara da dusa da waken suya, amma tun a makon farko zawo ya kama su, gashinsu ya tashi, kuma ina ganin tsakin masarar a kashinsu yadda suka ci shi. Shin masarar ce ba ta dace ba, ko kuwa sarrafawar ce? Dawa da gero ma suna samuwa a wajenmu.

Malamin gona daga Jos:
Ɗan'uwa, tsakin da kake gani a kashinsu ya riga ya ba ka amsa. Cikin ɗan alade mai mako huɗu da nono ya saba, sinadarin da ke narkar da sitacin hatsi bai wadata a hanjinsa ba tukuna, kuma ruwan tsamin tumbinsa kaɗan ne. Abin da bai narke ba yakan wuce ƙarshen hanji, ƙwayoyin cuta su samu abinci, daga nan zawo ya biyo baya. A mako biyun farko bayan yaye, babu hatsin da ya kai dafaffiyar shinkafa sauƙin narkewa, kuma ba sai mai tsada ba, karyayyiyar da ake warewa a injin casa ta wadatar. Idan masara ce a hannunka, a niƙa ta, a dafa ko a turara, domin zafi da ruwa suna kumbura sitacin ya yi laushi. Dusar kuwa ka janye ta yanzu, ƙaiƙayinta ya fi ƙarfinsu. Ka kuma tabbata an soya waken suyar ya soyu, saboda ɗanyensa yana hana narkewar furotin.

Uwar garke daga Kafanchan:
Malam ya yi gaskiya, sai dai dafa abinci kullum yana cin itace da lokaci, kuma dafaffen abinci ba ya jimawa yake tsami a lokacin zafi. Ni ina dama musu kamar fate, daidai abin da za su cinye nan take, in wanke kwamin kafin in sake zubawa. Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar hatsin kansa. Masarar da aka ɗure a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, wadda ke haifar da gubar afulatoksin, kuma dahuwa ba ta kashe wannan guba. Ɗana, kafin ka saya ka cusa hannu har tsakiyar buhu, ka shinshina, ka ciji ƙwaya ɗaya ka ji ta fashe ƙwas. Duk wadda ta yi kore-kore ko baƙi-baƙi ka bar ta, komai arahar ta, domin ƙananan nan su ne gubar ta fi saurin taɓa hantarsu. Game da dawa, ka nemi farafara ko kaura. Mai duhun bawo da baurin baki tana rage musu cin abinci.

Mai kiwo daga Zonkwa:
Na gode, Mama, na gode, Malam. To niƙan fa, ya zama gari kamar na tuwo?

Malamin gona daga Jos:
A'a, kada ya kai laushin garin tuwo. Gari mai laushi ƙwarai yana tashi ya shige musu hanci, kuma idan aka daɗe ana ba su yakan jawo gyambon ciki. Ka ce wa mai inji ya fitar da shi tsakanin gari da tsaki, abin da za ka murza a yatsu ka ji ɗan yashi-yashi. Gero yana da kyau, har ya ɗan fi masara furotin, amma ƙwayarsa ƙarama ce, in ba a niƙa ba haka za ta fita. Kowane hatsi ka zaɓa, yana da ƙarancin laisin, wato wani sinadari na cikin furotin da suke bukata don girma, saboda haka ka ƙara garin kifi ko madarar gari. A haihuwa ta gaba, ka fara ajiye musu ɗan abincin nan tun suna mako biyu, a lungun da uwar ba za ta kai baki ba.