Neman kalma: na'urar da ke gano ƙwayar cutar da ta ƙi jin magani

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, ranar Laraba zan ɗauki shirin makon faɗakarwa kan cututtukan da ke ƙin jin magani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke yi daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba. Baƙona zai yi magana kan na'urar MALDI-TOF da fasahar da ake kira mas-sifektirometiri. Ba zan iya jefa wa manomi da ke saurare a gona wannan kalmar ba. Me zan kira ta?

Ma'aikaciyar lab: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a raɗa suna bari a ga jaririn. Ana lakato ƙwayoyin cutar da suka tsiro, a shafa a farantin ƙarfe, a ɗiga wani sinadari ya bushe, sannan a harba hasken leza. Sai furotin ɗinsu ya tashi ya bi wani bututu da aka zuƙe wa iska. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, daga lokacin isar kowanne ake sanin nauyinsa. Don gwajin magani kuwa, sai a haɗa ƙwayar cuta irin Klebsiella da maganin da ake kira meropenem na ɗan lokaci. In tana da sinadarin da ke farfasa maganin, nauyin maganin zai ƙaru da 18 a ma'aunin na'urar, daidai nauyin ƙwayar sinadarin ruwa guda da ta shige shi. Cikin 'yan sa'o'i an samu amsa, maimakon a kwana ana jiran a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro duk da maganin. Ni dai "na'urar auna nauyin sinadarai" nake cewa.

Malamin Hausa: Malama, bayaninki ya yi, amma sunan ya yi tsawo. Abin da kika kwatanta ai shiƙa ce! Iyayenmu mata na ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ta faɗi. Kuma Hausa na da hanyar gina sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, auna, ma'auni. Don haka shiƙa, mashiƙi. A ce mashiƙin sinadarai.

Ma'aikaciyar lab: Ranka ya daɗe, a shiƙa ana zubar da ƙaiƙayi ne. Nan ba a zubar da komai, kowane ɗigo ana karanta shi. Kuma shiƙa da iska take, wannan kuwa in da iska a bututun aiki ya lalace.

Malamin Hausa: Jirgin sama ma ba a kan ruwa yake ba, amma jirgi muke kiransa. Kalma kan faɗaɗa.

Ɗan Damagaram: Mu a nan da Faransanci ake karatun, ku da Turanci, amma dukanmu "Maldi" muke cewa in mun haɗu. Kalmar da ta riga ta tsallaka iyaka me zai sa a kore ta?

Malamin Hausa: Wannan shi ne ciwon. Duk abin da ya zo daga waje sai mu haɗiye shi da ɓawonsa, har yaranmu su ɗauka Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Ɗan Damagaram: Malam, asibiti da likita daga ina suka zo? Allura ma daga Larabci take. Kuma kullum a Kano ake yanke mana kalma, mu sai dai mu ji a rediyo.

Malamin Hausa: Ban ambaci Kano ba. Shiƙa ana yin ta har Damagaram.

Mai shirin lafiya: Don Allah a dawo kan hanya. Akwai kalma ta biyu, ta ƙin jin magani: na rubuta "juriyar ƙwayoyin cuta", ya yi?

Ma'aikaciyar lab: A'a Hajiya. Juriya yabo ce, kuma mai sauraro zai zaci jikinsa ne ya jure. Ƙwayar cutar ce ta canza, ba mutumin ba. Wannan kuskuren ne ke sa mutum ya sayi kafso biyu a kemis ya daina da ya ji sauƙi. Ki ce "bijire wa magani". Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sanadiyyar hakan, kuma in an auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne abin ya fi muni.

Ɗan Damagaram: Ko ki ce ƙwayar cutar ta sha tauri, wuƙa ba ta kama ta. Kowa zai gane nan take.

Malamin Hausa: Wannan kam na yarda da ita.

Mai shirin lafiya: To ga abin da zan yi. Da farko "na'urar auna nauyin sinadarai, wato Maldi", daga nan Maldi kawai. Bijire wa magani a rubuce, tauri wajen bayani. Malam, zan yi amfani da misalin shiƙa in nuna yadda marasa nauyi ke rabuwa da masu nauyi, amma ba zan sa mashiƙi a matsayin suna ba tukuna.

Malamin Hausa: Shiri naki ne, Hajiya. Ni dai mashiƙi zan koya wa ɗalibaina ranar Litinin.